Kwamfutoci Goma Sha Biyu a Kejin Ƙarfe

Duk sati sai an samu wanda zai leƙo shagona a Kazaure ya ce in koya masa haɗa kwamfuta, wai kwana bakwai ma sun isa tunda ya kalli bidiyo a waya. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ku karanta ku hutar da bakina.

Ta wani gefen kuna da gaskiya, manyan kayan ba su da wuya. Bod, wato babban faifan da komai yake hawa kansa, 'yan notina ne ka ɗaure shi a cikin kesin, akwatin ƙarfen nan. Ram, 'yar sandar nan ta ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya shiga a juye ko dambe za ka yi da shi. Fanka kuwa 'yar firamare ma ta ɗaura. Inda ake gane gwani wuri ne da bai kai farcen babban yatsa ba, can ƙasan bod ta kusurwa: 'yan fil guda tara a layi biyu, huɗu da biyar. Nan wayoyin gaban kesin suke sauka, na madannin kunnawa, na madannin sake tashi, da na 'yan fitilu biyu. Ka kuskure fil ɗaya, kwamfutar da aka kashe wa dukiya ta zama abin ɗora buta.

A wurin Kawu Isyaku na koya, ƙanin mahaifiyata, tsohon mai gyaran rediyo da ya juya kan kwamfuta. Ina gama sakandare na ce masa ni ba zan zauna a gida ina ƙirga sauro ba. Wata uku cur bai bar ni na taɓa bod ba. Buhun matattun wayoyi ya zube min, ya miƙo min mita, irin mai yin ƙara idan bakin waya biyu sun haɗu.

"Nemo min wayar madanni a kowanne," ya ce.

"Kawu, ai ga ja ga baƙi, a bayyane take."

"Uban wa ya ce miki? Mai kamfani ya yi miki rantsuwa ne? Launi kwalliya ne, Rabi. Ki tambayi mita."

Kayan aikina har yau ba su cika 'yar jaka ba: mita, sukundireba biyu, hantsaki, ƙarfen soda, madubin hoda, da allurar ɗinki da na ɗauke a gwangwanin Innarmu. Ku yi dariya. Allurar nan ta fi duk sauran kawo min abinci.

Shekarar da na sha wuya, wani mai hoto daga Roni ne ya kawo min kwamfutarsa in sauya mata kesin. Wayoyin ramin filas na gaba guda huɗu ne a warwatse, kowacce da bakinta. Ina sauri, na bi launi, ban tambayi mita ba. Ya zura filas ɗinsa mai hotunan bikin mutane, sai ga wari kamar an ƙona roba. Ya zura na biyu don ya tabbatar, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kafin sati labari ya kai Gwiwa, wai yarinyar shagon Isyaku hannunta wuta ne. A shekarar kuma idon Kawu ya yi rauni ya bar min shagon. Watanni na yi ina tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya, babu mai kawo min ko linzamin kwamfuta in duba.

Ana cikin haka wani dattijo ya yi sallama, fari siriri, da tabarau da 'yar jakar fata. Sunansa Malam Buba, tsohon hedimasta ne a Babura. Wurin Kawu ya zo. Na ce Kawu ba ya gani sosai yanzu, ni ce a wurin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi ƙofa, sannan ya zauna, don ba shi da sauran inda zai je.

Ga labarinsa. Ya ga yaran garinsu suna tafiya jarrabawar da ake yi a kwamfuta alhali ba su taɓa riƙe linzami ba, su faɗi su dawo. Da ya yi ritaya sai ya sayar da shanunsa na gado, waɗanda suke cikin garken yayansa, ya ce zai buɗe ɗakin koyon kwamfuta. Kesin goma sha biyu ya saya da sefa a hannun wani ɗan Nijar, tsofaffin na ofis ne masu ƙwari. Bod-bod kuma daga Kano. Wani mai haɗi ya zo ya haɗa, ya kunna su duka a gabansa, allo goma sha biyu suka haska. Mutumin ya rufe su ya kama hanya. A ranar Malam ya kira mai walda ya yi wa kowacce keji na ƙarfe a ƙarƙashin teburinta saboda ɓarayi. Aka tara iyayen yara ranar buɗewa, aka yi addu'a, Malam ya danna ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Har sha biyu.

"Mai haɗin fa?" na ce.

"Wayarsa a kashe, 'yata. Na kawo wasu biyu, sun ce walda ta ƙone su."

"Da ya kunna muku, da madanni ya kunna?"

"A'a. Gefensu a buɗe yake. Sukundireba yake zurawa ciki, sai ta tashi."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Duk mai haɗi ya san wannan: ka taɓa fil biyu na kunnawa da bakin sukundireba, kwamfuta ta tashi ko babu madanni. Gwaji ne, ba gama aiki ba ne.

"Malam, yaushe za mu tafi?"

"Ai shi ne. Jibi ranar kasuwa Hamma, yayana, ya ce ɗan gwangwan zai zo ya auna su a kilo. Ɗakin na Hamma ne, hatsi zai zuba."

Na rufe shago, na gaya wa Inna a gidan Gwaggo Tabawa zan sauka a Babura, muka shiga motar haya.

Da na ga kejin nan sai da na riƙe baki. Ba ƙofa, ba kwaɗo. Rodi ne aka lanƙwasa aka kewaye kowace kwamfuta, aka liƙe da walda har jikin ƙafar tebur. Gaba kawai aka bar tazarar da yatsa zai kai ga madanni, baya kuma inda wayoyi za su fita.

"Malam, me ya hana a sa kwaɗo?"

"Kwaɗo ai na mai gaskiya ne," in ji wani daga bayana. Na juya. Wani gajere kakkaura da baƙin tabarau a goshi. Shi ne Ado mai walda, ya ji an kawo mai gyara ya zo ya kare aikinsa. "Hajiya injiniya, wannan kejin ko giwa ta zo sai dai ta yi kallo."

"To ga shi mai kayan ma kallon yake yi."

Ban tsaya jin amsarsa ba. Na ce a tayar da janareta a jona su. Na durƙusa, na zura madubin hoda ta tsakanin rodi, na haska tocilar waya ta ramukan iska, sannan na kashe tocilar. Can ciki a duhu sai ga wata 'yar koriyar fitila a jikin bod, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Irin bod ɗin nan, da zarar wuta ta shige shi lafiya, fitilar takan kama ko ba a kunna ba. Na rarrafa zuwa ta biyu, akwai. Ta uku, akwai! Na bi su kaf, goma sha ɗaya da haske, ɗaya ce kawai ta bakin ƙofa duhu.

Ina tashi, gwiwoyina duk ƙura, na tarar da wani dogon tsoho a tsaye da sanda da malafa a rataye. Yayan Malam Buba ne, Sambo, wanda Malam yake kira Hamma. Na rusuna na gaishe shi.

"Baffa, barka da rana. Mun same ku lafiya? Ya shanu?"

"Lafiya lau, yarinya. Ke ce ta ukun?" Ya juya ga ƙaninsa. "Buba, maza biyu sun kasa, ka ɗauko mace. Ni na gaya maka, saniyar da ta kwanta ta ƙi tashi ba a jira ta zama mushe. Yankawa ake a samu na nama."

Malam Buba, mutumin da ya yi shekaru yana tsawata wa ɗaruruwan yara, ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Hamma."

Ni kuwa bakina ba ya jiran izini. "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ka taɓa sa wuƙa a wuyan saniyar da take tuƙa?"

Ya zuba min ido. Na nuna masa inda zai leƙa. Tsohon nan ya ajiye sanda, ya durƙusa a hankali, ya kanne ido ɗaya. Ya daɗe a wurin.

"Wannan abin kore shi ne numfashin?"

"Shi ne, Baffa."

Ya miƙe yana kaɗe riga. "A fasa keji ɗaya. In ta tashi, a fasa sauran. Amma jibi da hantsi mai kilo zai zo, na riga na ba shi baki. Wadda ba ta tashi ba a lokacin, tasa ce. In ba su kai goma ba, ɗakin ma na karɓe, don ba zan hana hatsi wuri saboda akwati uku ba."

Ado ya ruga ya jawo giranda, injin yankan ƙarfe, yana murna. Na tare ƙofa.

"Ba da wannan ba."

"Da haƙori zan yanka?"

"Garin ƙarfen da za ta watsa, ƙwaya ɗaya ta faɗa kan bod, an gama. Zarton hannu za ka ɗauko, a lulluɓe kwamfutar da zani."

"Rodi mai kauri haka da zarton hannu? Kin san awa nawa ke nan?"

"Kai ka ce giwa ma sai kallo. Bismillah."

Ya yi ta zagar rodin nan yana zufa yana yabon kansa. "Kin ji ƙarfe? Kin ji aiki? Wallahi ɓarawo da ya zo nan da ya tuba." Sai bayan la'asar sanduna biyun baya suka faɗi, muka zaro kwamfutar.

Na kwance gefe, na haska. Kun san me na gani? Wayoyin gaban kesin ɗin ba a rarrabe suke ba kamar na kasuwa. Irin na ofis ne, duk an tattara su a cikin filogi guda mai rami goma, wanda kamfani ya yi don nasa bod ɗin kaɗai. Rami ɗaya a toshe ya zo, kuma ba a banza aka toshe shi ba, don kada ya hau inda ba nasa ba ne. Shi gwanin namu da ya ga ya ƙi hawa, sai ya gasa allura ya huda toshiyar, ya danna shi da ƙarfi. Ga bakin ramin nan a narke. Tunda ya shiga, a ganinsa ya yi. Wayoyin madanni suna zaune a kan fil ɗin fitila, na fitila suna kan na madanni. Ko shekara za a yi ana dannawa, bod bai san ana yi ba.

Na zare filogin. Na taɓa fil biyu da sukundireba, fanka ta ɗauka fuuu, allo ya haska. Malam Buba ya yi kabbara.

"Tsaya, Malam, nan aka yaudare ka wancan karon. Wannan ba komai ba ne."

Na kashe ta. Na ba shi madanni na ce ya danne ya riƙe. Na dinga bin ramukan filogin biyu-biyu da bakin mita. Shiru, shiru, shiru, sai ƙiii! Na ce ya saki, ƙara ta ɗauke. Ya danna, ta dawo. Ga su nan, ruwan ɗorawa da fari, ba ja ba, ba baƙi ba. Sai allurar Inna. Kowace waya a cikin filogi wani ɗan harshen roba ne yake riƙe da ita. Ka ɗaga shi a hankali da tsinin allura, ka ja wayar ta baya, ta fito sumul. Ka ɗaga da ƙarfi ya karye, ka shiga uku. Na fitar da su duka, na bi 'yan rubutun da ke jikin bod, na mayar da kowacce ramin da ya dace da fil ɗinta. Madanni ba ruwansa da juyi, ta ko'ina ka sa ya yi. Fitila ce mai tsirfa, in ka juya ta ba za ta kama ba.

Na rufe gefen kesin, na ɗaure noti, don kada a ce da sukundireba a hannuna.

"Malam, danna."

Ya danna. Ta tashi! Fitila ta kama, allo ya kawo. Ado ya jefar da zarto ya yi tsalle kamar shi ya gyara. Ni ma ihu na yi, ba zan ɓoye ba, har matan maƙota suka leƙo ta katanga.

Washegari tun da sassafe Ado ya zo da abokan sana'arsa biyu da zarto uku. Suna yanka ina bi. Na zana tsarin ta farko a takarda, ruwan ɗorawa nan, fari nan, ina kwafa. Ta biyu ta tashi, ta uku, har ta bakwai. Kaina ya fara girma. Ina aiki ina tsokanar Ado cewa zartonsa ya fi shi tsufa.

Ta takwas ta ƙi.

Na sake dubawa, komai daidai da takarda. Na bar ta na kama ta tara, ita ma shiru. Ta goma, shiru. Ta sha ɗaya, shiru. Ta sha biyu dama ita ce marar haske, a jikin kejinta Ado ya maƙala wayar injinsa ranar walda, ta tafi ke nan. Bakwai ke nan a hannu, Baffa kuma goma ya ce. Rana ta yi sanyi, man janareta ya ƙare, Malam Buba ya zauna a kan benci yana kallon waɗanda suka ƙi tashi. Gara ma da ya yi faɗa.

A hanyar gidan Gwaggo na gane abin da na yi. Takarda na bi. Launi na bi. Tun daga ta biyu ban ƙara ɗauko mita ba. Kuskuren da ya ƙone hotunan mutumin Roni, shi na sake tafkawa, ni da nake zagin mai gasa allura.

Ranar kasuwa ina idar da sallar asuba na fito. Na sa mita a filogin ta takwas. Ashe huɗun nan kamanninsu ɗaya da sauran, amma cikinsu daban. A nasu, ruwan ɗorawa ta fitila ce. Bugu da ƙari madanni da fitila waya ɗaya suke rabawa, uku ke nan maimakon huɗu. Lokacin jona sabuwar waya da soda babu, ga motocin kasuwa har sun fara shigowa. Na ce fitila kwalliya ce, madanni shi ne ƙofa. Na ba madanni wayar, na bar fitilar a mace.

Ina kan ta goma na ji ƙarar kurar ɗaukar kaya a waje. Ɗan gwangwan ne da sikelinsa, Baffa Sambo a gaba. Mutumin ya shigo yana ƙwanƙwasa kesin da ɗan yatsa yana jin nauyi.

"Malam, cire hannunka daga kayan mutane," na ce, allura a bakina.

"Ikon Allah. Baba, 'yarka ce?"

"Bar ta," in ji Baffa. "Yarinya, hantsi ya yi."

"Baffa, inuwa ba ta bar bakin ƙofa ba tukuna. Ka ba ni ta sha ɗaya."

Harshen robar ƙarshe ya so ya karye min. Na riƙe numfashi, na lallaɓa shi kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Wayar ta shige, na ji ɗan ƙas. Na rufe, na ɗaure, na ja da baya. Huɗun nan ko gwada su ban yi ba, don sai a lokacin aka kawo mai aka tayar da janareta.

Malam Buba ya matso zai danna, Baffa ya tare shi da sanda.

"Kai an taɓa rufe maka ido. Ita kuma hannunta ya san sirrinsu. Ni zan taɓa."

Tsohon da bai taɓa danna ko rediyon mota ba ya miƙa yatsa kamar zai taɓa garwashi. Ta farko ta yi fuuu. Ya janye hannu da sauri, sannan ya ce, "Go'o." Ya matsa gaba. "Ɗiɗi. Tati." Da Fillanci yake ƙirgawa, muryarsa tana ƙara tashi. Ya wuce bakwai. Ya tsaya a gaban ta takwas, ni kuwa na damƙe allura har ta soke ni. Ya danna. Fitila ba ta kama ba, ya juyo ya dube ni, sai allon ya haska masa gefen fuska. Ta tara ta tashi. Ta goma ta tashi, ya ce "Sappo!" da ƙarfi har ɗan gwangwan ya firgita. Ta sha ɗaya ma bai tsaya ba sai da ya tashe ta.

Ado yana ta kabbara. Malam Buba ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa.

"To ni fa, Baba?" in ji ɗan gwangwan. "Na biya kura."

Baffa ya nuna tarin guntayen rodin da aka yanke, da matacciyar ta bakin ƙofa. "Ga rabonka, auna."

"Rodina ne fa!" in ji Ado.

"Kai kuma ka zo gobe ka yi musu ƙofa da kwaɗo, kamar yadda masu hankali suke yi."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi waje. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo ya ƙare wa allunan kallo, sannan ya nuna tebur na kusa da taga.

"Buba."

"Na'am, Hamma."

"Wancan na jikata Dije ne. Gobe bayan tatsa za ta zo. Kada in ji an ɗora ɗan wani a kai."